Babi na Bakwai: Mile 2, Inda Ba a San Gidanku Ba

Wanda ya kama titin Ikwerre a Fatakwal, daga gadar sama ta Mile 1 ya nufi kasuwar Mile 3, ya ratsa Mile 2 Diobu ko ya lura ko bai lura ba. Unguwa ce da ba ta san shiru ba. Ta nan ga Ikoku, inda ake cinikin kayan gyaran mota, ta can ga Illoabuchi da shagunan kayan lantarki da 'yan katako. Bayan shagunan kuma gidajen haya ne jere, kowanne da dogon lungu a tsakiya, ɗakuna na kallon juna, makewayi ɗaya ga kowa da kowa, risho a bakin kowace ƙofa. Idan ka ƙara gangarawa sai ka iske unguwannin bakin ruwa, inda aka cike taɓo aka kafa ɗakunan langa-langa.

Turawa ne suka kafa Fatakwal a 1912 domin su sami tashar fitar da kwal ɗin Inugu, a 1913 kuma Gwamna Lugga ya raɗa mata sunan Lewis Harcourt, sakataren mulkin mallaka na lokacin. Diobu ƙasar Ikwerre ce tun asali, ita ce ta haɗiye leburori da 'yan ci-rani waɗanda tsararren garin Turawa bai yi wa wuri ba. Jirgin ƙasa ya haɗa Fatakwal da Inugu a 1916. A 1932 aka buɗe gadar Makurɗi a kan Binuwai, jirgi ya riƙa wucewa Arewa ba tare da an tsallakar da shi ta ruwa ba. A wannan shekarar ce kuma aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, aikin da Likita Walter Miller na Zariya ya daɗe yana fama da shi tare da abokan aikinsa. Tun daga nan ɗan Arewa mai bin Almasihu yana iya gangarowa Kudu da Littafin a cikin akwatinsa, cikin harshen da yake ji.

Ba a cika tuna wannan mutumin ba idan ana zancen Hausawan Fatakwal, ko na Anaca, ko na Ama Hausa a Inugu. Abin da ke zuwa zuciya shi ne mai tsire, da ɗan canji, da fataken shanu na tsohuwar mayankar Trans-Amadi, da masallacin unguwa. Amma cikin masu gadi, da masu tura baro, da leburorin gini, da sojojin barikin Bori, da 'yan sanda, akwai Kiristoci masu yawa waɗanda Hausa ce harshen addu'arsu: daga Zangon Kataf, da Tafawa Ɓalewa, da Billiri, da Biu, da Zuru, har da Hausawa tsantsa daga ƙauyukan Kano da Katsina. Ikilisiyoyinsu na gida, irin su ECWA da COCIN da EYN, sun biyo su har nan. Ga mutumin gari kuwa duk ɗaya ne, da mai zuwa masallaci da mai zuwa majami'a, kowa aboki ne.

Kafin yaro ya baro gida akan yi masa addu'a, a kuma ja masa kunne. Uwa ta ce, "Ka kula da bariki." Dattijon ikilisiya ya ce, "Ɗana, ka tuna ko ɗan waye kai." Nasiha ce ta gaskiya. Sai dai akwai abin da mu kanmu ba mu cika faɗa wa juna ba: a ƙauye, rabin abin da muke kira tsarki idon jama'a ne. Ba ka shiga gidan burkutu domin matar fasto na iya wucewa. Ba ka tsaya da yarinya a duhu domin kafin gari ya waye labari ya kai Zumuntar Mata, ranar Lahadi kuma a karanta sunanka a ce an sa ka ƙarƙashin horo, ka koma bencin baya, a hana ka jibin Ubangiji. Wannan shinge yana da amfani, ya tsare mutane da yawa daga faɗawa rami. Amma ba ya shiga mota ya biyo ka. A Mile 2 ba wanda ya san mahaifinka, ba wanda ya san ranar da aka yi maka baftisma. Nan ne mutum yake gane ko tsoron Allah ne ya riƙe shi duk shekarun nan, ko kuwa kunyar mutane.

Shi ya sa nake ganin Littafin Firistoci, wanda yawancinmu muke tsallakewa, littafin ɗan ci-rani ne. Jama'ar da aka yi wa magana a cikinsa suna kan hanya, sun baro wata ƙasa, ba su isa wata ba. A sura 18 an gargaɗe su a kan wurare biyu: kada su ɗauki halin Masar da suka baro, kada kuma su ɗauki halin Kan'ana da za su shiga. Masu wa'azi sukan kama Kan'ana su manta da Masar. Alhali gargaɗin ya haɗa da inda ka fito. Yaron da ya iso Diobu bai zo da farar takarda ba. Wani tun a gida ya koyi shan ƙwaya, wani tun a gida yake ɗaura laya a ƙugu yana kuma rera waƙa cikin ƙungiyar mawaƙa, wani ya taso yana jin ana zagin wata ƙabila a gindin murhu. Ba adalci ba ne mu ɗora wa Fatakwal laifin kayan da muka sauko da su daga mota.

Duk da haka abin da ke jiran yaro a nan ba wasa ba ne, kuma mafi nauyinsa ƙungiyoyin asiri. Sunayen Deebam da Deewell da Icelanders da Greenlanders ba baƙi ba ne a kunnen mazaunin Diobu. Tun 2004 Jihar Ribas ta kafa dokar haramta su, amma a Agustan 2007 faɗansu ya cika titunan Fatakwal har sai da aka fito da sojoji aka sa dokar hana fita. Abin da ya kamata iyaye a gida su fahimta shi ne, ba da bindiga ƙungiya take fara zuwa wa yaro ba. Da alheri take zuwa. Baƙo ne, an ƙwace masa waya a lungu, ba shi da wanda zai kai wa kuka. Sai wani ya dafa masa kafaɗa, ya sa aka dawo da wayar kafin magariba, ya saya masa abinci, ya ce in wani ya sāke taɓa ka, ka kira ni. Abin da ikilisiya ta yi alkawari, wato 'yan'uwantaka, shi ne ƙungiya ta kawo masa a hannu tun a makon farko. Rantsuwa da jini daga baya suke zuwa, sa'ad da fita ta yi wuya. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai, gaskiya ne, amma a tambaya: wa ya ba yaron wurin zama kafin maɗaukin kanwa ya ba shi?

Sauran kuwa sanannu ne. Ga ogogoro mai arha, wanda gurɓataccensa ya kashe mutane da dama a Jihar Ribas a Yunin 2015. Ga tiramadol da masu aikin ƙarfi suke haɗiya wai don su jure. Ga shagon cacar ƙwallo a kusan kowane layi, inda kuɗin da aka tara don takin damina yake narkewa ɗari biyu ɗari biyu. Ga magidancin da ya bar iyali a Arewa wata goma, ya ajiye wata a ɗaki yana ce wa maƙwabta ƙanwarsa ce. Duk waɗannan ana wa'azi a kansu, kuma ya kamata a yi.

Abin da ba a cika yin wa'azi a kansa ba shi ne surar da ke bin Firistoci 18. Firistoci 19 ta buɗe da kiran da kowa ya sani, cewa jama'ar Allah su yi kama da shi cikin tsarki, tun da shi haka yake. Mai karatu zai zaci abin da zai biyo baya dokokin haikali ne. Akwai su kaɗan, amma yawancin surar a gona take, da kasuwa, da gaban alƙali. Manomi kada ya girbe gonarsa har gefe, ya bar kala domin matalauci da baƙo. Wanda ya ɗauki ɗan ƙodago kada ya kwana da ladansa. Kada a zagi kurma don ba ya ji, kada a sa wa makaho abin da zai yi tuntuɓe don ba ya gani. Alƙali kada ya dubi fuskar mai kuɗi, kada kuma ya karkata don tausayin talaka. A tashi wa mai furfura. Sikeli da mudu su zama na gaskiya. Baƙon da ke zaune tare da ku a riƙe shi kamar ɗan gida. Umarnin ƙaunar maƙwabci, wanda Yesu ya ɗauko ya sa shi na biyu cikin manyan dokoki, a cikin wannan surar yake. Dubi kurma da makaho musamman: su ne mutanen da za ka cuta ba su sani ba. Tsarkin da ake nufi a nan shi ne abin da kake yi wa wanda ba zai taɓa kama ka ba.

Mu kawo wannan Mile 2 mu gani. Ga mai sayar da wake da shinkafa, yana da mudu biyu a ƙarƙashin tebur, ɗaya an ɗan buga gindinsa ya shige ciki. Da cikakken yake aunawa idan ɗan Arewa ne ya zo, da bugaggen kuma idan matar Ikwerre ce ko 'yar Ogoni. Ga kwandon tumatir da aka yi wa fuska, manya jajaye a sama, ruɓaɓɓu a ƙasa. Ga ɗan kwangila, dattijo a ikilisiyarsa, wanda ya kwaso yaran ƙauyensu shida suka zuba masa kankare tun safe har dare, ya ce su dawo Asabar, Asabar ta zama wata Asabar. Mutumin nan ba ya shan giya, ba ya neman mata, yana ba da zakka. A ma'aunin da muka saba da shi tsarkakakke ne. A ma'aunin Firistoci 19 kuwa, kuɗin yaran nan da ya kwana a aljihunsa ya ɓata shi.

Mai gadi ya fi ba ni tausayi, domin jarabarsa a cikin aikinsa take. Yana zaune a ɗan ɗakin bakin ƙofa, ga redio, ga tabarma, ga Littafinsa da ya sha hannu a kan bulo. Direban gidan ya zo da jarka ya ce a ɗan rage man janareta, a raba, Oga ba ya aunawa. Oga da kansa ya ce idan Madam ta yi tafiya, wadda za ta zo da dare a buɗe mata, kuma bakinka alaikum. Albashin bai taka kara ya karya ba, kuma a kansa ake biyan kuɗin makarantar yara uku a gida. Idan ya ce, "Oga, ka yi haƙuri, wannan kam ba zan iya ba," yana iya kwana a titi, domin ɗakin ma na Oga ne. Yusufu a gidan Fotifar ba labarin makarantar Lahadi ba ne ga wannan bawan Allah, aikinsa ne na yau da gobe. Kuma kada mu manta, ƙin da Yusufu ya yi kurkuku ya fara kai shi. Duk mai wa'azin da zai ce wa mai gadi ya tsaya da gaskiya, wajibi ne ya faɗa masa cewa tana iya cinsa aiki, ya kuma tanadi inda zai sa haƙarƙarinsa idan hakan ta faru.

A nan kuma ya kamata mu yi wa maƙwabtanmu Musulmi adalci. Dalilin da ya sa mutanen Kudu da yawa suke neman ɗan Arewa ya tsare musu ƙofa, ko su bar masa ajiya, suna ne na riƙon amana da wasu suka gina shekara da shekaru, yawancinsu masu salla. Ɗan canjin da ya mayar da rarar da aka ba shi bisa kuskure ya yi wa kowane aboki a garin nan alheri, har da mai zuwa majami'a. Kirista da ya ci amana ya zubar da wannan suna, ya kuma jawo wa sunan Almasihu zagi a gaban Musulmin da suke kwana ɗaki ɗaya.

To, in haka ne, mutum ya gudu ne? Wasu haka suka fahimci keɓewa. Ba sa gaisawa da maƙwabta, ba sa barin yaransu su fita lungu, kowa a wurinsu ɗan duniya ne. Manzo Bulus ya gamu da irin wannan fahimta a Koranti, garin da ya yi kama da Fatakwal ƙwarai: birnin ciniki mai tashoshin jiragen ruwa biyu, wanda Romawa suka rushe a shekara ta 146 kafin haihuwar Almasihu, Yuliyas Kaisar ya sāke gina shi a ta 44, baƙi daga ko'ina suka cika shi. Bulus ya yi shekara ɗaya da rabi a can yana ɗinkin tanti tare da Akila da matarsa, wato shi ma ɗan kasuwa ne cikin 'yan kasuwa. Ya taɓa rubuta wa masu bi na garin cewa su guji cuɗanya da fasikai, sai wasu suka ɗauka yana nufin su ƙaurace wa mutanen gari. A wasiƙarsa ta fari, sura 5, ya warware zancen: ba mutanen waje yake nufi ba, domin in haka ne sai dai su bar duniyar ɗungum. Wanda yake nufi shi ne mai amsa sunan ɗan'uwa a cikin ikilisiya alhali yana fasikanci, ko haɗama, ko maye, ko zamba. Mu mun juya abin. Muna tsananta wa na waje, wanda ba a ba mu hukuncinsa ba, muna kau da kai daga na ciki idan baikonsa mai kauri ne.

Akwai ma wani abin da ya sa kwatanta Fatakwal da Kan'ana bai zauna daidai ba. Garin nan cike yake da majami'u. Da wuya ka bi layi a Diobu ba ka ji lasifikar addu'ar dare ba. Mai gidan hayarka Kirista ne, mai sayar da ogogoro tana da ƙungiyar mata a cocinsu. Saboda haka gurɓatar da ta fi haɗari ga mai bi a nan takan zo ne da rigar addini: koyarwar da ke auna albarkar Allah da girman mota, wadda ba ta tambayar inda kuɗi ya fito muddin an kawo shaida an ba da godiya. Yaron da zai gudu daga gidan giya ba zai gudu daga wannan ba, domin da sunan Yesu aka kira shi.

Tun ƙarshen 2016 mazauna Fatakwal suke fama da baƙin ƙuran hayaƙi da ke sauka daga sama, wanda ake dangantawa musamman da masu dafa ɗanyen mai a ɓoye cikin fadamu, abin da ake kira kpofire, da kuma ƙona kayansu da jami'an tsaro suke yi. Ka share ɗaki da dare ka rufe taga, da safe ka shafa yatsa a kan akwati ka ga baƙi. Farar rigar da aka shanya ta dawo da ɗigo-ɗigo, yaro ya fyace hanci ka ga abin da ya shaƙa. Halin gari haka yake shiga mutum, katanga ba ta tare shi, sai dai wanki kullum. Addu'ar safe kafin a fita, da karatu ko na aya biyar ne, da ɗan'uwa guda wanda za ka iya gaya wa abin da ka yi jiya ba tare da ya kai ka gaban dattawa a ranar ba, su ne wankin. Kuma mai bi da yake sayen man kpofire don arha ya sani da hannunsa cikin abin da 'ya'yan maƙwabcinsa suke shaƙa.

Gwamnati ta gwada tata hanyar tsabtace Diobu. A Agustan 2009, zamanin Gwamna Rotimi Amaechi, aka rushe unguwar bakin ruwa ta Njemanze, inda Amnesty International ta ƙiyasta fiye da mutum 13,000 suka rasa matsuguni. A Yunin 2012 aka bi da Abonnema Wharf, a Janairun 2022 kuma, zamanin Nyesom Wike, aka rushe wasu unguwannin bakin ruwa na Diobu. Hujjar a kullum ita ce maɓoyar ɓata-gari ce. Akwai ɓata-gari a can, ba musu. Amma waɗanda suka kwana a waje da tukwanensu masu sayar da kifi ne, da masu wanki, da yara 'yan makaranta, ƙungiyoyin kuwa suka sāke layi. Ina jin tsoron ikilisiyar da take yin horo irin na katafila: yarinyar da ciki ya tona ta a kore ta, ba a tambayi wanda ya yi mata ba, ba a kuma sāke taka ƙofarta ba. Annabi Irmiya, a sura 29, ya rubuta wa waɗanda aka kwashe zuwa Babila cewa su gina gidaje, su yi shuka, su nemi lafiyar birnin su yi masa addu'a, gama zaman lafiyarsu a ɗaure yake da nasa. Manzo Bitrus ma baƙi warwatsattu ya rubuta wa, a Fontus da Galatiya da Kafadokiya da Asiya da Bitiniya, ya maimaita musu kiran Firistoci, ya kuma ce su yi zaman kirki a tsakiyar mutanen da suke zarginsu. Ba ɗayansu da ya ce a koma gefe a riƙa tofar da yawu.

Idan ikilisiyoyinmu na Fatakwal suna son yaranmu su tsaya, aikin yana farawa tun ranar isowa. Fasto a gida ya kira fasto a nan ya ce ga wane yana tafe, a tarye shi a tasha. A sami ɗakin da baƙo zai yi mako biyu kafin ya kama aiki. A kafa adashin da zai karɓi kuɗin lebura ranar da aka biya shi, kafin ya wuce ta gaban shagon caca. Dattawa su sa ƙorafin ɗan ƙodago da aka hana lada cikin abubuwan da ake horo a kansu, daidai da zina. A tanadi ɗan asusu domin wanda aka kora daga aiki saboda ya ƙi yin ƙarya.

Sannan a dubi lokacin sujada. Mai gadi ba ya samun safiyar Lahadi, domin a lokacin ne masu gida suke tafiya coci su bar shi da ƙofa. Yawancin masu gadi sukan yi watanni ba su ci jibin Ubangiji ba, ba don suna ƙarƙashin horo ba, sai don ba mai canjinsu. Sujadar Hausa ta yammacin wata rana cikin mako, ko mai bishara da zai riƙa zagayawa ƙofa ƙofa ya zauna da su minti ashirin a kan benci, ba ta bukatar sabon gini ko kuɗi daga hedikwata. Dattawa ne za su zauna su sa rana.